Layin Zogale da Ɗakin Yakaka

A unguwar Mbamba, can gefen Yola inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara, akwai wani fuloti da iyali biyu suke zaune a cikinsa. Ɓangaren gabas na Laminu ne, mutumin Borno mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Jimeta, shi da matarsa da 'yarsu Rumasa'u. Ɓangaren yamma na Malam Apollos ne, malamin firamare ɗan ƙasar Numan, da matarsa Fibi da 'yarsu Becky. Apollos ya daɗe yana koyarwa a garin su Laminu, kuma mota ɗaya ce ta kwaso su a shekarar 2014, lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. Rumasa'u tana goye a bayan uwarta a wannan tafiya, saboda haka duk abin da ta sani game da gudun, ji ta yi a bakin manya.

Da suka iso Yola ba su da gida, ba su da dangi, kuma babu ɗayansu da zai iya sayen fuloti shi kaɗai. Sai suka haɗa hannu suka karɓi ɗaya a wurin wani dattijo, Baffa Hamman, wanda ya yanka musu daga gonarsa. Ba su da takardar safiyo, ba su da turken siminti a kusurwa, ba su da katanga. Ranar rabo, igiyar guga suka miƙa a faɗin filin, suka ninka ta biyu, inda ninkin ya tsaya suka ce nan ne tsakiya. Fibi ta samo rassan zogale ta kakkafa a layi daga bakin hanya har baya. Iyakar ke nan.

Zogale yana kamawa da sauri, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, Mbamba kuwa ruwa yana kwanciya duk damina. Wanda ya tsira daga ruwa, awakin Laminu su ɓare masa ɓawo. Don haka kowace kaka sai an sake kafa layin. Da farko Fibi ce take yi. Da 'yan matan suka yi wayo, aikin ya koma hannun Becky da Rumasa'u.

Akwai abu ɗaya da Rumasa'u ba ta sani ba, domin tana ƙarama ƙwarai lokacin da ya faru. Kakarta Yakaka, mahaifiyar Laminu, ba ta samu shiga motar gudu ba. An ɗauka ta rasu. Bayan shekara uku aka gano ta a wani sansani a Maiduguri, aka kawo ta Yola ana tsakiyar damina, ba ta da komai sai zanen jikinta da carbi. Ɓangaren Laminu ya riga ya cika: ɗakin kwana, madafa, rumfar kifi, garken awaki. Apollos ya fito cikin yayyafi ya duba, ya tuge zogalen da ke tsakiya ya jefar gefe, ya ce a yi mata ɗaki a nan. Aka yi. Da kaka ta zo, Fibi ta kafa layin ya zagaya bayan ɗakin. Ba wanda ya sake tayar da maganar. A ɗakin nan Rumasa'u ta tashi, tana kwana a bayan kakarta, kuma a saninta zogale tun asali a lanƙwashe yake.

Bara Malam Apollos ya yi ritaya. Ya ce zai koma Numan ya yi noma kusa da 'yan'uwansa. Ya yi wa Laminu tayin ɓangarensa, Laminu ya ce kifi bai kai shi nan ba. Sai wani mai sayar da kayan gini a Jimeta, ana ce masa Ɗanburam, ya ce yana so, zai yi shaguna a gaba da ɗakunan haya a baya. Apollos ya ce masa rabin fuloti ne. Ɗanburam ya amince, amma ya ce shi ba ya sa bulo ko ɗaya sai an auna an shigar da filin kwamfuta, domin yanzu haka ake yi.

Ran wata Asabar da hantsi keke ya sauke ma'aikaciyar safiyo a ƙofar gidan. Sunanta Naziha, matashiya ce, da hular rana a kan gyalenta. Rumasa'u ta zaci za ta ga doguwar igiyar awo. Abin da Naziha ta fito da shi sanda ce ta ƙarfe mai wani farin faifai a kai, da wani allo mai kama da babbar waya.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin gwaibar da ke gaba, kusa da garken awaki. Gwaibar Rumasa'u ce. Ita da Becky suka dasa ta, kuma bana ne ta fara 'ya'ya sosai.

Naziha ta ce, “Kafin mu fara, bari in nuna muku gidanku daga sama.”

Suka taru a kan allon. Laminu ya duba ya daɗe, ya ce, “Wannan ba gidana ba ne. Ina ƙofar?”

“Ƙofa ba ta fitowa daga sama, Baba. Rufi ne kawai. Ga naka nan.”

“To ai ya koma yamma.”

“Ka riƙe shi a juye ne,” in ji Apollos. Ya karɓa ya juya allon, hoton ma ya juya ya koma yadda yake. Ya sake juyawa, hoton ya sake binsa. Ya miƙa wa Naziha abinta a hankali, ya ce, “'Yata, riƙe. Wannan ya fi ƙarfin ajina.”

Yakaka tana zaune a bakin ɗakinta tana jin su. Ta ɗaga murya ta ce, “Wane ne ya hau sama ya ɗauki hoton?”

“Na'ura ce, Kaka, can sama da gajimare.”

“Tun yaushe take can?”

“Ta daɗe. Tun kafin ku zo.”

“Kuma ba wanda ya faɗa mini? Banɗakinmu ba shi da rufi fa!”

Fibi ta yi dariya har ta riƙe ciki. Naziha ta rantse wa tsohuwar cewa mutum ba ya fitowa a hoton, ko saniya da ƙyar ake gane ta. Yakaka ba ta gamsu ba, ta ja gyalenta ta ƙara rufe kai.

Daga nan dariya ta fara raguwa. Naziha ta ce hotuna uku ne, na shekaru daban-daban. Ta nuna na farko: ɗakuna biyu ƙanana a fili, da wani siririn layi kore a miƙe tsakaninsu. Ta shafa allon, na biyu ya fito: ga sabon rufi a tsakiya, layin ya kauce ya bi bayansa. Ta sake shafawa, ga na bana: layin ya ƙara karkacewa, ya zagaya dutsen wankin Fibi, ya koma ya kewaye wani lungu inda 'yan matan suke wasa.

“To wanne ne iyakarku?” in ji Naziha.

Laminu ya dubi Apollos, Apollos ya dubi Laminu.

“Zogale,” suka ce tare.

“Zogalen wace shekara?”

Rumasa'u ta matsa ta leƙa hoto na farko. Ta nemi ɗakinsu ba ta gan shi ba. Inda ya kamata ya kasance, layin ne ya ratsa. Ta ɗauka hoton wani gida ne aka haɗa da nasu bisa kuskure, ta jira wani babba ya faɗi haka. Ba wanda ya faɗa.

Ɗanburam, wanda tun zuwansa yake amsa waya a bakin hanya, ya ƙaraso ya ce, “Madam, abeg, ba sai an wahala ba. Rabi aka ce mini. Ki auna fulotin duka, ki raba biyu, shi ke nan.”

Naziha ta ce haka ma yana yiwuwa. Tana bukatar wanda zai riƙe mata sanda a tsaye yayin da take duba allo. Ta dubi Rumasa'u ta ce, “Ƙanwata, zo. Kin ga wannan ɗan kumfa a cikin gilashi? Ki tsayar da sandar har ya zauna a tsakiya.”

Rumasa'u ta iya da sauri. Suka zagaya kusurwa huɗu na fulotin, inda maƙwabta suka tabbatar. A kowace kusurwa allon ya yi ƙara kaɗan. Sannan Naziha ta ce yanzu za su bi tsakiya. Ta tsayar da yarinyar a bakin hanya, daidai gindin zogale na farko, ta ce, “Madalla, igiyar gugarku ba ta yi ƙarya ba.” Laminu ya yi murmushi.

“Yi gaba. Hagu kaɗan. Gaba.”

Rumasa'u tana tafiya, zogale yana rabuwa da ita yana yin yamma. Ta so ta bi shi, Naziha ta ce a'a, ta miƙe. Ta miƙe har bakin sandar ya taɓa dokin ƙofar ɗakin Yakaka. Ta tsaya.

“In shiga?”

“Ba ta aiki a ƙarƙashin rufi,” in ji Naziha, muryarta ta yi ƙasa. Ta leƙa ɗakin, ta duba allo. “Amma layin ya shiga ta ƙofa, ya bi ta kan gadon nan, ya fita ta bango.”

Yakaka ta tashi da ƙyar, ta shiga, ta zauna a tsakiyar gadon, ta miƙe ƙafafunta. Ta ce, “To ga ni a kan layin. An tashe ni daga gidan mijina da bindiga. An tashe ni daga sansani da mota. Wannan karon da me za a tashe ni? Da sanda mai faifai?”

Rumasa'u ta manta da sandar da ke hannunta, kumfan ya gudu gefe. A kan gadon nan take kwana. Ta rasa gane yadda rabin gado zai zama na mutumin da bai taɓa shiga ɗakin ba.

Ɗanburam ya cire hula ya sosa kai. “Malam Apollos, ba ka gaya mini akwai ɗaki a cikin kayana ba.”

“Ba ɗaki a cikin kayanka,” in ji Apollos. “Ɗakin Mama ne.”

“Amma rabi ka ce.”

“Rabi na ce.”

“To ga rabi a kan gado.”

Apollos ya juya ya kalli layin. Mutum ne da ya yi shekaru yana koya wa yara rabi da kwata a allo, amma ya tsaya yana duban zogale yana duban sanda kamar bai taɓa jin kalmar ba. Can ya ce, “Ni dai rabin da na sani, shi ne inda nake shara ya tsaya. Ban yi maka ƙarya ba, Alhaji. Ban tuna ba ne cewa akwai wani rabi.”

Laminu ya sunkuyar da kai. Shi ya tuna yanzu, da yayyafin, da zogalen da aka tuge. Ya ce a hankali, “Ticha, ƙasarka ce. Aro ka ba mu, mun zauna har mun manta. Ka riga ka ba mutum magana, ba zan sa ka zama ƙaramin mutum ba. Za mu rushe. Mama ta koma ɗakinmu, ni in kwana a rumfar kifi.”

“Ka kwana da kifi, ni in kwana da matarka tana juyi?” in ji Yakaka daga ciki. “Ban tashi ba.”

“Wane aro?” in ji Apollos, ransa ya fara ɓaci. “Na ce maka aro? Ka taɓa jin na ce aro?”

“Ba ka ce kyauta ba kuma.”

“Ruwa ake yi, Laminu! Wa yake tsayawa zaɓen magana cikin ruwa?”

Rumasa'u ba ta taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba. Abin da ya ƙara rikita ta shi ne, kowannensu yana faɗa ne don a ba ɗayan. Shi kuwa Ɗanburam yana tsaye tsakaninsu yana cewa shi bai zo rushe wa tsohuwa ɗaki ba, Allah ya kiyaye, amma kuma ba zai sayi rabi a ba shi abin da bai kai rabi ba. Duk suka juya ga Naziha.

“Ke faɗa mana,” in ji Laminu. “Me na'urar ta ce?”

“Ba ta cewa komai, Baba. Inda aka dasa sandar take rubutawa. In kun ce layin farko, ta rubuta. In kun ce na zogale, ta rubuta. Ba dole ne ya miƙe ba ma. Abin da nake bukata shi ne ku uku ku yarda da layi ɗaya. Amma ku sani, in ya shiga, ya shiga ke nan.”

“To mene ne amfaninta?” in ji Yakaka. “Tana can sama tana kallon mutane, a tambaye ta kuma ta ce ba ta sani ba.”

Sai Fibi ta sa baki. Tana ta kallon allon ta kafaɗar Naziha. Ta ce, “Alhaji, kai ɗaki kake so ko ƙasa?”

“Ƙasa mana, Madam.”

“To in an cire maka a tsakiya aka ƙara maka a wani wuri fa? 'Yata, abin nan zai iya faɗin ko sun yi daidai?”

Naziha ta ce zai iya, nan take ma. Ɗanburam ya yi tunani. Ya ce katanga mai gwiwa ba ta da kyan gani, amma in a bakin hanya za a ƙara masa, inda shaguna za su zauna, ya yarda. A baya kam ba ya so.

Bakin hanya a ɓangaren Laminu, nan garken awaki yake. Laminu ya ce awaki ba su da gardama, za a mayar da su bayan madafa. Apollos ya so ya sake musu, Fibi ta taɓa hannunsa ya haƙura.

Aka fara da ɗakin. Rumasa'u ta bi bayansa da sanda, ta tsaya a kowace kusurwa, aka bar ɗan wurin da ruwan rufi zai zuba. Lungun wasansu da dutsen wanki suka tafi ɓangaren Ɗanburam. Sannan suka dawo gaba. Naziha ta tsayar da ita a gindin zogale na farko ta ce, “Yanzu ki riƙa matsawa gabas a hankali. In lissafin ya cika zan ce ki tsaya.”

Ta matsa. Ta shiga garken, awaki suka watse. “Ƙara.” Ta wuce kwamin ruwansu. “Ƙara.” Ta kai ƙarshen garken, ta ɗaga kai, sai ga gwaibarta a gabanta, da tabarmar da aka shimfiɗa a gindinta. Ta rage tafiya. Ta dasa sandar kafin ta kai bishiyar, ta daidaita kumfan da kyau, ta jira.

Naziha ta duba allo. “Saura kaɗan, ƙanwata.”

Ta matsa tafin ƙafa ɗaya.

“Ƙara.”

Ta dubi babanta. Shi bai lura ba, yana kallon allo. Ta dubi ƙofar ɗakin, ta hango ƙafafun kakarta a miƙe a kan gado. Sai ta ɗaga sandar, ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin rassan, ta fita ta ɗaya gefen.

“Tsaya. Ya yi daidai.”

Allon ya yi ƙararsa. Ɗanburam ya duba lambobin biyu ya ce babu cuta. Maza uku suka sa hannu a kan allon da yatsa, Laminu yana cewa wannan bai yi kama da sa hannunsa ba, Naziha tana cewa na kowa haka yake fitowa. Ɗanburam ya ga yarinyar tana kallon bishiyar, ya ce ta tsinke 'ya'yan bana duka, ba zai fara gini ba sai bayan damina.

Da la'asar aka kawo turakun siminti aka binne a kowace gwiwa ta layin. Yakaka ba ta sauko daga gado ba sai da ta ji an ce an gama, sannan ta fito ta taka turken da ke bayan ɗakinta da ƙafa, ta ce ƙarami ne, akuya ma za ta iya tone shi.

Rumasa'u ta raka Naziha bakin hanya tana riƙe mata sanda kafin keke ya zo. Ta ce, “Anti, in ruwa ya tafi da turken fa? Nan ruwa yana kwanciya.”

“Ko ya tafi, wurinsa yana cikin kwamfuta. A zo da sanda a mayar da shi inda yake, ko faɗin yatsa ba zai kauce ba.”

“Ba sai mun sake kafa zogale ba ke nan?”

“Ba sai kun kafa ba. Kin huta.”

Rumasa'u ta miƙa mata sandar. Sannan ta ce, “To in wani ya zo kamar yadda Kaka ta zo, ana ruwa, babu ɗaki?”

Naziha ta dube ta, ta gyara hularta. Ta ce, “Sai masu filin biyu su yarda, su je ofis su nema, a sa rana, a turo mu mu sake aunawa.” Ta ƙara da cewa, “Yana ɗaukar lokaci.”

Keke ya zo ta shiga. Rumasa'u ta koma ciki. Apollos da babanta suna cire shingen garke tare, suna musu a kan inda za a kafa shi. Fibi tana tsinke ganyen zogale a kwando, tunda ta ce ba za a bar wa magina shi ba. Yarinyar ba ta gane yadda na'ura take ganin gida daga sama ba, ba ta kuma gane wanne ne layin gaskiya a cikin ukun ba. Abin da ta gane shi ne, kakarta za ta ci gaba da kwana a ɗakinta, kuma iyakar da ta taɓa matsawa don a yi wannan ɗakin ba za ta sake matsa wa kowa ba.